Baristan Katin Aure

Assalamu alaikum masu wannan shafi, Allah ya ƙara basira. A sakaya sunana, kuma don Allah a ji ni kafin a yanke mani hukunci, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗan Safana ne, ina da ɗan shagon buga takardu a bakin wata kotu a Katsina. Tun muna sakandare abokai ke ce mani Barista, don ba a kayar da ni a gardama. Da aurena ya tashi, mai buga kati ya ce, "Ango, me za a sa gaban sunanka?" Na duba, kowa a katin Alhaji ne ko Injiniya ko Honarabul, ni kaɗai zan fito tsirara? Na ce ya sa Barista, da Turanci. Aminina, malamin Turanci ne, ya ja ni gefe ya ce, "Wannan ba sunan majalisa ba ne. Sai wanda ya karanta shari'a aka rantsar da shi ake rubuta wa. Goge shi." Na ce wa ke tuna kati bayan an ci shinkafa?

Ashe an karanta wa Baba, wato surukina, katin a garinsu Darini, kuma dama ya ji a kotu nake neman abinci. Matata ta san gaskiya, kunya ta rufe mata baki. Yanzu wani ya kai ƙara kan gonar da Baba ya gada, gonar da gidan duka ke ci a cikinta. Ƙanensa ya ce a ɗauki lauya, Baba ya ce, "Ga ruwa a gida, sai mu yi taimama?" Na je na durƙusa gabansa na ce, "Baba, wato ni..." Ya katse ni: "Na sani, nauyina kake ji. Ɗa ba ya kunyar tsaya wa ubansa." Wallahi sai kawai na ce to.

Babu wanda bai gaya wa ba a kasuwar Batsari, har abokin shari'ar. In na faɗa, da wane ido zai dubi mutane? In na yi shiru, gona ta tafi. Na ce zan turo wani lauya, ya ce shi ni yake so. Ina jin tsoro, ina jin kunya.

Litinin mai zuwa ake zaman kotu. Jiya ya aiko mani da buhun sabon gero, da saƙon kada in manta hular nan ta gashi ta lauyoyi, mutanen gari na son gani.

Me zan yi?