Yaushe Mama Za Ta Dawo

Salaga

Ƙanena Zuberu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya kasuwar shanu? 'Yarka Munawara ta iso lafiya a motar doya.

Zuberu, ba na ɓoye maka, yarinyar nan ba ta gaida mutane. Daga tashi sai gaban talabijin. Ta san sunan kowa a fim ɗin Indiyan nan da ake juyawa da harshen Twi, amma na tambaye ta sunan kakanta, ba ta sani ba. Na kulle akwatin a ɗaki, ita kuma ta daina cin abinci. Wace irin tarbiyya ka yi wa 'yar shekara shida?

Yayarka, Asiatu

Bawku

Yaya Asiatu,

Wa alaikumus salam. Faɗanki na kan hanya, amma ki saurare ni. Bayan rasuwar matata Sadiatu rikicin garin nan ya tashi, aka sa dokar hana fita. Da an fara harbi sai yarinyar ta shige ƙarƙashin gado. Ni kuma sai in ƙara muryar talabijin har ta rufe ƙarar bindiga, ta fito ta zauna. Da gari ya lafa ban rage ba. In ta kalla, ba ta tambayata komai, ni ma ina samun sauƙi. Don Allah ki buɗe mata.

Ƙanenki, Zuberu

Salaga

Zuberu,

Gaisuwa mai yawa. Na buɗe, amma na bar rumfar doya a hannun 'yata Abida na zauna muna kallo tare. A fim ɗin wata mata ta mutu a asibiti, aka yi ta kuka, sai ga ta ta dawo da ranta, wai ba ita aka binne ba. Munawara ta yi murna har da tafi, sannan ta juyo ta ce, "Gwaggo, Mama kuma yaushe za ta dawo? Wannan ba ta daɗe haka ba."

Na bincika a hankali. Ashe ce mata ka yi uwarta ta tafi Yendi wurin danginta, ba ka ƙara komai ba. Shi ya sa ba ta barin fim ya wuce ta, tana so ta ga yadda ake dawowa.

Na bar ta gaban fim ɗin. Na shiga madafa na yi kukana. Wannan magana daga bakinka ya kamata ta fito.

Yayarka, Asiatu

Bawku

Yaya,

Salamu alaikum. Na bar shanun wurin abokina Seidu. Ki kawo ta Yendi ranar Juma'a, zan jira ku a tasha. Na gaya wa dangin Sadiatu, za su nuna mana kabarin, don ni ma ban koma ba tun ranar jana'iza. Kada ki ce mata komai a mota. In ta tambaya, ki ce Baba ne ke son magana da ita.

Ki yi mini addu'a, ban san da wace kalma zan fara ba.

Zuberu