Sawunki a Dokin Ƙofa

Ya Rumaisa'u, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar zafin Maiduguri, turaren wutar da ya kama rigata ya ƙi fita ko an wanke! Sallama gare ki, da sannu da haƙuri.

Saƙonki ya iske ni. Wai in manta da ke, wai tunda ambaliya ta cinye gidanku na unguwar Shehuri ba abin da ya saura, wai Baba ya ce ku koma Kano wurin dangi kafin azumi. In manta? Haba, Rumaisa'u! Kin taɓa jin kifin Baga ya manta da ruwa? Tsaya in ba ki labarin wani gari tukuna.

Lokacin da nake aikin gini a Libiya, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, abokan aiki suka ja ni zuwa wani kufai a bakin teku, ana ce masa Lubda. Garin Rumawa ne, rairayi ya binne shi shekaru aru-aru kafin a tono shi. Wayyo, da kin gani! Ginshiƙai tsaye reras ba rufi, kamar sahun da ke jiran liman. Titi shimfiɗe da dutse, kasuwa ba mai ciniki, teku na ta surutu shi kaɗai. Na yi ta yawo cikin mafarki ido biyu, ina jin in na sha kwana zan gan ki cikin laffayarki ruwan goro, kina tafe a hankali, iska na wasa da gefenta.

Abokaina na ta ɗaukar hoton manyan ƙofofi, ni kuwa magini ɗan magini, idona na ƙasa. A gindin wani bango na ga faffaɗan jan tubali, a jikinsa ga sawun ƙafa ɗan siriri. Zuciyata ta ce wata ce ta taka shi tun yana ɗanye. Kin san mu, ba ma barin aiki da tabo, shafa ɗaya da cokalin gini ya wuce. Amma mutumin nan bai shafe ba, haka ya gasa abinsa. Wallahi sai da na durƙusa na sa tafin hannuna a ciki, hawaye na zuba. Ban san sunansa ba, ban san yarensa ba, amma na san abin da ke damunsa.

Kin tuna ranar da nake daɓe dokin ƙofarku? Kika fito ba takalmi da kofin ruwan tsamiya, kina kallona maimakon gabanki, kika luma ƙafa cikin siminti, kika ruga cikin gida don kunya. Maigidana ya yi ta faɗa in shafe. Na ce to, na yi ta jan jiki har ya bushe.

Kin ce ruwa ya tafi da sawun. Ni ban yarda ba. Ina dawowa daga Libiya na ɗauki shebur na nufi Shehuri, na kwashe laka da ɓaraguzai kamar masu tonon Lubda. Katanga ta faɗi, ƙyaure ya tafi, dokin ƙofar ya tsage biyu. Amma sawunki na nan, hasken raina, ƙaramin yatsan kawai ya gutsure!

Na durƙusa gaban Baba, na roƙe shi ya bar ni in tayar da gidan da hannuna, ɗaki bayan ɗaki, kawuna kuma ya zo neman aurenki. Ya ce magana na wurinki, in kin ce Kano, to Kano.

Asabar da hantsi zan kwaɓa siminti in zuba sabon dokin ƙofa kusa da tsohon. Kin san ranar garin nan, ba ta barin siminti ya jima ɗanye. Zan tsaya da bokiti ina yayyafa masa ruwa, idona a kan layinku. Don Allah ki zo, ki cire takalmi. In ba ki zo ba zai bushe sumul kamar na kowa, ni kuwa ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Naki ni kaɗai, har ranar da rairayi zai binne garin nan, masu tono su zo su tarar ban shafe ba,

Ajimi,
Moduganari.