Huhun Rago a Ajin Balki

Zuwa ga Hajiya Asabe, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kabarinki yana da haske, ga labarin 'yarki Balki, wadda kika kai lekol, makarantar boko, ba da son raina ba. Har yau ban ce kin yi daidai ba.

Yanzu tana koyarwa a wata makaranta a unguwar Elig-Edzoa. Direkta ya ce yaranta ba sa gane darasin siyans, wato kimiyya, insifekta zai zo ya zauna a ajinta, in bai gamsu ba a karɓe ajin a ba wani. Makarantar kuwa daga allo sai alli. Sai ta koma kallon darussan kyauta a waya. Can ta ga wani malami yana hura huhun dabba da famfo, don yara su ga yadda numfashi yake. Ta ce in kawo mata huhun rago.

Kin san aikina. Na gyara shi kamar na mai saye: na cire maƙogwaro, na wanke, na yayyanka, na ƙulla a leda. Tana buɗewa ta zauna tana kuka. To laifina ne? Wa ya taɓa neman huhu da maƙogwaronsa a unguwarmu ta Briqueterie? Na tsufa da wuƙa a hannu, ba ta taɓa tambayata komai ba, amma mutumin cikin waya yana magana ta yarda.

Dole ta sa na kalli bidiyon. Riƙon wuƙarsa ba kyau, amma na gane abin da ake so. Da asuba na je mayanka na zaro wani huhun cikakke da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba. Na shiga taksi da shi a kula, fasinjoji suna ta hararata.

Ban shiga ajin ba, a bakin taga na tsaya. Ta sa famfon keke a maƙogwaron, huhun ya kumbura, ya sauka, ya sake kumbura. Yara suka miƙe suna ihu, kowa da hannu a ƙirji. Insifekta da kansa ya karɓi famfon ya gwada. An bar mata ajinta.

Ni kuwa, Asabe, ƙirjinki na tuna a asibiti, yana tashi yana sauka da ƙyar, ina zaune a gefenki ba abin da zan iya yi miki. Na taho gida ban jira Balki ba.

Allah ya jiƙanki, ya sanyaya makwancinki, ya haɗa mu a inda ba rabuwa.

Mijinki,
Ɗanladi mahauci