Sunan da Baba Ya Ara

Maamobi, Accra
6 ga Maris, 1978

Yaya Jalilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Alima da yara. Mu ma lafiya lau, sai dai Baba.

Ba ciwo yake yi ba, kada hankalinka ya tashi. Ka san maigidana Mutala da kwashe-kwashe. An rufe wani tsohon gidan silima a Kokomlemle, ya je ya kwaso majigi da gwangwanayen fim guda huɗu. Ranar Lahadi bayan la'asar ya toshe tagogi da barguna, ya haska ɗaya a bangon ɗakinmu. Tsohon fim ne, babu magana, mutanen ciki suna tafiya da sauri-sauri. An nuna leburori suna fasa dutse, sannan jirgin ƙasa ya bi ta wani kwazazzabo. Dutse dama, dutse hagu, tsawonsu ya fi gidan sama goma, ga kogi yana kumfa a ƙasa, layin dogon kuma manne da jikin dutsen.

Muna ta dariyar tafiyar mutanen, sai Baba ya miƙe ba sanda, ya je ya dafa bangon. Ya sa aka maimaita sau biyar.

Tun ranar ya ƙi zama. Kokon da nake ɗebar masa kafin in fita talla, sai in dawo in tarar ya yi sanyi. Yana zagaya tsakar gida, ya leƙa titi, ya dawo. Ya ce in tambaye ka, tunda kai ne ma'aikacin reluwe, wace tasha ce kusa da wurin.

Ka gaishe da kowa.
Ƙanwarka,
Fuseina

*

Sekondi
15 ga Maris, 1978

Fuseina,

Na samu wasiƙarki, na gode. Duk muna lafiya.

Shekara goma sha tara ina aikin nan. Babu layin da ban bi ba, daga Takoradi zuwa Kumasi, daga Kumasi zuwa Accra. Wurin da kika kwatanta babu shi a Ghana. Ki ce wa Mutala ya duba rubutun jikin gwangwanin, za ku ga na wata ƙasa ne.

Na san Baba ya yi aikin layi yana saurayi, shi ya sa ma ya tura ni wannan aiki. Amma sau nawa na tambaye shi labarin, ya ce aiki ne kawai? Tsufa ne. Ku ɓoye majigin, kwana biyu zai manta. Ba zan iya barin aiki yanzu ba, injuna uku ke kwance a hannunmu, babu kayan gyara.

Ki gaishe shi da kyau.
Yayanki,
Jalilu Issaka

*

Maamobi
24 ga Maris, 1978

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, a gaggauce nake yi.

Gaskiyarka, Mutala ya karanta, Amurka ce. Mun ɓoye majigin kamar yadda ka ce. Shekaranjiya da hantsi Baba ya ɓace. Na bar tukunyar ƙosai a kan wuta, na bi Nima lungu-lungu, na shiga New Town, Mutala ya tafi har unguwar Malam wajen abokan Baba na dā. Sai da azahar wata mata da ta san mu, mai sayar da gwanjo a kasuwar Kantamanto, ta aiko cewa ga wani tsoho zaune a bakin layi cikin tasha, ya ƙi tashi. Ko kuɗin motar trotro babu a aljihunsa, da ƙafa ya je.

Na zauna kusa da shi a kan tsakuwa, na gaya masa wurin nan fa a Amurka yake. Ya ce ya sani, shi ba yaro ba ne, duwatsun da suka fasa ba su kai rabin waɗancan ba. Amma akwai wani dutse a fim ɗin da ya leƙo kan layi, irinsa ne sak.

Sannan ya ce, "Fuseina, ni ba Issaka ba ne."

Yaya, sunansa Ishawu. Issaka wansa ne. Tare suka taho daga ƙauyensu kusa da Dogonduci, shi yana ɗan shekara sha shida. Turawan aikin suka ƙi rubuta shi, wai ya yi ƙanƙanta, suka rataya wa wan nasa ƙarfen lamba. Abincin mutum ɗaya suke rabawa. Wata rana aka sa nakiya, dutse ya ƙi faɗowa. Wansa ya aike shi kogi ɗebo ruwa, shi kuma wan ya shiga ƙarƙashi da kwanon kwasar tsakuwa, dutsen ya sauko. Kafin mutane su taru, Baba ya zare lambar daga wuyan gawar. Washegari aka kira Issaka, ya amsa. Da aka tambayi wane ne mamacin, ya yi shiru tare da kowa. Aka binne shi a bakin kogi a matsayin baƙo, ba wanka, ba salla.

Ya ce yunwa ya ji tsoro. Daga baya kuma ya ji tsoron idon mahaifiyarsu, shi ya sa bai taɓa komawa gida ba. Ko Mma mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta rasu ba ta sani ba.

Na ce masa mu je gida ya ci abinci. Ya ce zai ci, amma gobe zai dawo tashar, jibi ma haka, har sai an kai shi inda aka binne wan nasa.

Injunanka za su jira. Ka zo.

Fuseina

*

Koforidua
2 ga Afrilu, 1978

Fuseina,

Bayan gaisuwa. Na san kin ga ban yi wa Baba magana ba a gidanki. A jirgi ma ban yi ba. Ina ta tunanin sunan da ke kan takarduna da na 'ya'yana.

Bai zauna ba tun daga Accra, yana riƙe da ƙarfen taga. Sau biyu ya ce nan ne, sannan ya ce a'a. Bayan Nsawam muka sauka a wata ƙaramar tasha, muka koma baya da ƙafa kusan mil biyu a kan layi. Akwai inda aka yanka tudu, ga rafi a ƙasa, gonar koko ta cinye bakinsa. Ya daɗe yana dubawa. Babu wata alama. Ban tabbata nan ne ba, kuma ina jin shi ma bai tabbata ba.

Ya yi alwala a rafin, ya ce in tsaya a bayansa. Muka yi wa Issaka salla mu biyu. Da ya zo addu'a sai muryarsa ta ƙi fita, ni na ƙarasa. Da muka gama ya ciro ƙarfen lambar nan daga cikin layar da muka sani a damtsensa tun muna yara, ya tona ƙasa da hannu ya binne. Yatsunsa suka fashe. Na karɓi aikin, na mayar da ƙasar.

A hanyar dawowa ya gaji, na goya shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, Fuseina. Ya tambaye ni ko zan canza sunana. Na ce a'a, mutumin ya ciyar da kai, bari mu riƙe masa.

Gobe za mu kamo hanyar Accra in Allah ya so.

Yayanki,
Jalilu

*

Kumasi
4 ga Afrilu, 1978

Fuseina,

Gaisuwa a gaggauce, mota na lodi. Jirgin Accra ya zo, Baba ya ƙi shiga, wai sai ƙauyensu na Dogonduci, muka hau na Kumasi. Ya ce suna da ƙanwa, Husseina, tana goye lokacin da suka fito. Wataƙila tana raye, wataƙila har yau tana zaton su biyun suna nan tafe.

Na aika wa ofis takardar neman hutu, ban jira amsa ba. Yau Bawku, daga nan sai abin da Allah ya yi. Ya ci tuwo kwano guda da safe. Da ɗan kamasho ya tambayi sunan da zai rubuta, ya ce Ishawu, har ya maimaita masa.

Ki sanar da Alima. Kada ku jira mu da wuri.

Naki,
Jalilu