Ya Bar Ni a Ƙanƙara, Yanzu Ƙanwata Yake Nema

Anti Ɗelu, don Allah ki taimake ni da shawara. Baba na jiran amsata ranar Juma'a, ni kuwa zuciyata tafasa take yi.

Ɗalibi ne ni a Kuala Lumpur. Ina da aboki, Zahraddeen, shekara uku kwanonmu ɗaya. Shi ya sa mini son keke. Duk Asabar muna fita cikin zafin nan, har muka ɗauka mun zama gwanaye. A watan Janairu muka tafi Koriya, wai za mu tuƙa daga Seoul zuwa Busan, sama da kilomita ɗari shida. Rigunan sanyin ma a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman muka saya, a garin da gumi ba ya barin mutum. Ki ji wauta.

Kwana uku muna karɓa-karɓa, ɗaya ya shiga gaba ya tare iska, ɗaya ya bi bayansa. Rana ta huɗu dusar ƙanƙara ta sauko. Da azahar na yi alwala a bakin hanya, na mayar da hannuna cikin safa a jiƙe. Kafin la'asar yatsuna sun yi fari fat, ko birki na kasa matsawa. Gaskiya shi ya tura kekunan biyu har wani ƙaramin asibiti. Likita ya ce tafiyata ta ƙare.

Sai na ga yana ta duba taswira a waya. Na yi masa kara, na ce ya ci gaba abinsa, ba komai. Anti, wane Bahaushe ne bai san irin wannan maganar ba? Jira nake ya ce Allah ya kiyaye. Wallahi sai ya yi godiya ya hau kekensa. Kwana uku ina kwance inda ba na jin yarensu, ko maɓallin rigata ba na iya sawa, shi yana can yana ɗora hotuna.

Da muka dawo ya ba da labarin a shagon shayi da abinci da ake kira mamak, a unguwar Kampung Baru, ana ta dariyar alwalata. Na taya su, amma a raina ya ci amanata, kuma har yau bai san na riƙe shi ba. Yanzu manyansa sun je Zariya nema masa ƙanwata Hureira. Tana son sa. Baba ya ce ni na san halinsa, da abin da na faɗa za a yi aiki. In ce me?

Mai yatsun da ba su warke ba, Sentul, Kuala Lumpur

Ɗana, sannu da jiki. Zafin da kake ji yana da dalili. Ba a barin abokin tafiya a kwance a baƙuwar ƙasa, ko sau goma ya ce a tafi. Zahraddeen ya yi kuskure, dariyar nan kuma ta ƙara wa abin muni.

Amma kai ma da bakinka ka sallame shi. Ka faɗi abin da ba shi ne a zuciyarka ba, ka dawo ka taya shi dariya, yanzu kana so ka yanke masa hukunci bai ma san an kai shi ƙara ba. Kuma wanda ya tura keke biyu cikin ƙanƙara saboda kai, ba za a ce ba shi da imani ba.

Kafin Juma'a ka zaunar da shi, ku biyu kawai, ban da kara. Ka gaya masa yadda kwana ukun nan suka kasance, sannan ka yi shiru ka saurara. In ya nemi gafara ba kame-kame, rashin lura ne, kuma ana gyara shi. In kuwa ya kafe a kan ai kai ka ce ya tafi, to ka gaya wa Baba komai, alherin da akasinsa. Hureira ma tana da haƙƙin ji, domin wata rana za ta kwanta ciwo ta ce masa ya tafi aikinsa ba komai, kuma gara ta sani tun yanzu ko tafiyar zai yi.

Allah ya warkar da hannun, ya zaɓa wa Hureira mafi alheri.