Tambarin da ke Hancin Topido

Bagenkop, 3 ga Mayu, 1966

Ejnar,

Bayan gaisuwa. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, shekara ashirin da huɗu bayan na kore ka daga gidan Baba don ka tafi Kiel ta Jamus ƙera wa Jamusawa makamai, alhali sun mamaye ƙasarmu lokacin yaƙi.

Ran Talatar da ta wuce tarun kamun kifina ya jawo topido, bam ɗin nan mai gudu a ƙarƙashin ruwa. Sojojin ruwa suka kwance shi. Hancinsa ya lotse, ya daki jirgi ke nan, amma bai tashi ba. Sun ce allurar cikin hancin, wadda ke tayar da shi, ita ce ta gaza tsawo, an ci ta da magagari. A jikinta na ga tambarin 'yar ƙugiyar da Baba yake buga wa kayan aikinmu.

Ashe ɓata musu makamai kake yi, ni ina nan ina kiranka maci amana! Kunya ta ishe ni. Ka dawo gida, don Allah.

Yayanka,
Thorvald

Kiel, 11 ga Mayu

Yaya Thorvald,

Ina gaishe ka da iyali. Na karanta wasiƙarka har ta fara yagewa, kuma na so in yi shiru in karɓi yabon.

Tambarin nawa ne, kowane maƙeri sai ya buga nasa. Amma kuskure ne, Yaya. Hannuna ne ya zarce wajen goge allurar, na ji tsoron shugaban aiki, na ɗaura ta a haka. Ka san ni da tsabtar aiki. Na yi wajen ɗari huɗu, sauran duk lafiyarsu ƙalau. Ban san mutum nawa suka kai ƙasan teku ba, kuma ba ranar da ba na tambayar kaina.

Abin da ka kira ni a bakin ƙofa, ba ka yi ƙarya ba. Ina kewar gida ƙwarai, amma ba zan shigo da rigar wani ba.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka,
Ejnar

Bagenkop, 19 ga Mayu

Ejnar,

Kai dai ba ka taɓa iya ƙarya a inda take da amfani ba. Na riga na gaya wa duk masuntan garin nan ƙanina jarumi ne. Jiya na bi su ɗaya bayan ɗaya na warware.

Jirgin Kiel yana isowa ƙarfe huɗu ran Asabar. Ban yi alkawarin zan iya kallon fuskarka ba. Amma mun tsufa, kuma zan tsaya a bakin ruwa.

Thorvald