Na Ɗora wa Baba Ɗantsoho Laifin Na'ura

Assalamu alaikum Malama Amira. Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Ni ke kula da na'urori a wani ƙaramin gidan rediyo a yankin Dungas. Muna da sabar guda, wato babbar kwamfuta mai manhajar Linux, ita ke fitar da shirye-shirye, amma sautukan suna cikin akwatin ajiya a ɗakin batir, ƙetaren tsakar gida, wayar rezo, wato ta sadarwa, ce ke haɗa su. Tun farkon damina sabar take tsayawa cak, yawanci bayan azahar, daidai lokacin sanarwar rasuwa da cigiyar dabbobi. Fanka na juyawa, allo ya cika da farin rubutu, ko me na danna ba ta motsi. Sai in kashe in kunna da sauri, kada shiru ya yi tsawo. In na buɗe rajistar da take rubuta abin da ke faruwa, babu komai a kan wannan lokacin. Rajistar ma a akwatin ajiya na sa ta, ina ganin can ya fi tsaro.

Wata rana aka kawo sanarwar jana'izar wani dattijo a Dogo-Dogo, sabar ta tsaya, sanarwar ba ta fita ba. 'Yan'uwansa da ke rugage ba su ji ba sai da aka rufe shi. Darakta ya tsare ni da tambaya a gaban kowa. Malama, tsoro ne ya kama ni. Na ce Baba Ɗantsoho, mai gadinmu, shi ke zare wayar wuta a ɗakin batir don ya sa salularsa a sharji. Sau ɗaya tak na taɓa ganin ya yi haka. Nan take aka dakatar da shi. Shekara goma sha ɗaya yana gidan nan, shi ya samar mini ɗaki da na zo daga Damagaram. Bai yi musu ba, ya naɗe tabarmarsa ya ɗauki butarsa ya fita.

Tun tafiyarsa sau uku sabar ta sake tsayawa, ina kunnawa ina yin shiru. Ranar Alhamis kwamitin gidan rediyon zai zauna ya sallame shi gaba ɗaya. In na faɗi gaskiya, za a ce mai takardar ilimi bai san aikinsa ba, kuma maƙaryaci ne. Mukan haɗu a masallaci, shi ke fara gaishe ni. Yaya zan yi?

Mai nadama, daga Dungas

Wa alaikassalam, ƙanena.

Mutane da yawa na haɗa ɗaukewar wuta da faɗuwar kernel, wato zuciyar tsarin na'ura, alhali daban suke. In wuta ta ɗauke wa sabar, allo ya yi duhu, fanka ta tsaya. Taka kuwa, fanka na juyawa, allo na da rubutu. Kernel ne ya ci karo da abin da ya gagare shi, ya tsaya, ya rubuta inda ya faɗi. Rubutun nan shi ne shaidarka, kai kuma kullum kana goge shi da hannunka.

Zare waya a ɗakin batir kuskure ne, a faɗa wa Baba ya daina. Amma ko akwatin ajiya ya mutu, lafiyayyar sabar jira take yi har ya dawo, ba ta faɗuwa. Kuma faɗuwa uku bayan tafiyarsa sun wanke shi.

In ta sake tsayawa, ka haƙura da shirun minti ɗaya, ka ɗauki hoton allon sarai kafin ka kashe. Ka duba layukan ko akwai kalmar nfs ko sunrpc, masu nuna hulɗa da akwatin ajiya, ko sunan direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin rezo. Rajista kuwa ka mayar da ita kan faifan sabar yau ɗin nan, don wanda igiya ta tsinke masa ba zai aiko labari ta igiyar ba. Ka kunna netconsole ya riƙa tura saƙonnin kernel zuwa wata kwamfuta da ke ɗaki ɗaya da sabar, ka kuma sa kdump ya adana abin da ke ƙwaƙwalwarta lokacin faɗuwa. Sannan ka gwada sa'o'in faɗuwar da rajistar akwatin ajiya. Ina zargin wayar tsakar gida, damshi da zafin rana na iya sa ta riƙa yankewa, yankewar ta tono wani aibu a kernel ɗinka. Zargi ne kawai, ban gani ba. In ya tabbata, ka sauya waya, ka sabunta kernel. Kafin nan, ka riƙa kwafe sanarwar kowace rana kan faifan sabar.

Maganar Alhamis ba ta jiran wannan bincike. Rashin gane matsala irin wannan ba abin kunya ba ne, ƙwararru ma takan ci musu makonni. Abin da ka faɗa a kan Baba shi ne nauyin. Ka je gidansa tukuna ka nemi gafara, sannan ka sami darakta ku biyu, ka faɗa masa faɗuwa ukun nan. Ba zan yi maka alkawarin aikinka zai tsira ba. Mai yiwuwa ne ka rasa shi, kuma duk da haka dole ka faɗa.

Ka roƙi darakta ya zo a sa'ar da ba ku watsa shiri. Ka kunna wani sauti daga akwatin, ka zare wayar rezo da hannunka, ka mayar, ka maimaita, ku zuba wa allon ido tare, ku ga ko sabar za ta tsaya ba tare da an taɓa wuta ba. Ka gwada, ka aiko mini hoton abin da ya fito, mu karanta shi layi-layi. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya mayar da Baba bakin aikinsa.

Malama Amira